Ciwon Dunduniya: Yadda Ake Jinyar Jijiyar Tafin Ƙafa Har Ta Warke

Akwai wani ciwon dunduniya da ake gane shi tun daga takun farko na safiya. Mutum zai kwana lafiya lau, amma da zarar ya sauko da ƙafa daga kan gado zai tafi alwala, sai ya ji wata irin suka a ƙasan dunduniyarsa, har ta sa shi dafa bango ko tafiya a kan yatsu. Bayan ya ɗan zazzagaya na 'yan mintuna sai zafin ya lafa, ya yi zaton ya rabu da shi ke nan. In ya daɗe a zaune a mota ko a ofis ya miƙe, sai ciwon ya dawo, in kuma ya wuni a tsaye, da yamma dunduniyar ta riƙa zogi. Likitoci suna kiran wannan ciwo filanta fashiyaitis, kuma shi ne ya fi kowane ciwon ƙasan dunduniya yawa a tsakanin manya. An ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 10 zai gamu da shi a rayuwarsa, galibi tsakanin shekara 40 zuwa 60.

A ƙarƙashin fatar tafin ƙafa da kitsenta akwai wata jijiya mai faɗi da kauri, wadda ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu har gindin yatsu biyar. Ita ce take riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa kamar yadda tsarkiya take riƙe da baka, kuma duk takun da mutum ya yi sai ta ɗame ta ɗauki nauyinsa. Idan aikin da ake ɗora mata ya wuce abin da za ta iya gyarawa tsakanin yau da gobe, sai zaruruwanta su fara lalacewa a daidai inda ta manne da ƙashin dunduniya. An daɗe ana ɗaukar abin a matsayin kumburi, amma a shekarar 2003 wasu likitoci a Amurka suka duba naman da aka ciro daga ƙafafu 50 da aka yi wa tiyata, suka tarar da zaizayewa da lalacewar zaruruwa, ba su ga alamun kumburi ba. Wannan ne ya sa maganin kumburi kaɗai ba ya warkar da shi. Zafin safiya kuwa dalilinsa shi ne ƙafa takan kwana yatsu na kallon ƙasa, jijiyar ta takure, sai takun farko ya fizge ta gaba ɗaya.

Abin da ya kamata mai ciwon ya sani tun farko shi ne ciwon yana warkewa, amma ba ya gaggawa. Kimanin mutum 8 zuwa 9 cikin 10 sukan warke cikin shekara guda ba tare da tiyata ba. Aikin jinyar duka ya ta'allaƙa ne a kan abu biyu: a rage wa jijiyar nauyin da ya fi ƙarfinta, sannan a ƙara mata ƙarfi sannu a hankali har ta iya ɗaukar nauyin da rayuwar mutum take buƙata.

Mataki na farko: a tabbatar shi ne

A zauna a ɗora ƙafar mai ciwo a kan gwiwar ɗaya ƙafar, a danna babban yatsan hannu a ƙasan dunduniya, ta gaba kaɗan kuma ta ɓangaren ciki, wato wajen da ke kallon ɗaya ƙafar. Mai wannan ciwo yakan sami wani ɗan wuri guda da in an danna sai ya zabura. Daga nan a kama babban yatsan ƙafar a ja shi sama wajen ƙwauri. In zafin ya ƙaru, wannan ma shaida ce.

Akwai alamun da in an gan su, a bar jinyar gida a tafi asibiti. Na farko shi ne ƙafa ta riƙa yi kamar ta mutu, ko ta riƙa raɗaɗi irin na ƙuna, ko tsikari yana bin tafin ƙafa zuwa yatsu, domin wannan ya fi kama da matsalar jijiyar ji, musamman ga mai ciwon suga. Haka nan in dunduniyar ta kumbura ta yi ɗumi, ko akwai zazzaɓi, ko ciwon yana tashin mutum daga barci ba tare da ya taka ba. Mai cutar sikila ya fi kowa buƙatar kula da wannan, saboda ƙwayoyin cuta sukan shiga ƙashinsa. In an matse dunduniya ta gefe da gefe da tafin hannu biyu aka ji zafi mai tsanani, ana iya samun tsagewar ƙashi. In kuma ana cikin gudu ko tsalle aka ji wani abu ya tsinke a tafin ƙafa, ya biyo da kumburi da taruwar jini, jijiyar ce ta yage. Saurayin da dunduniyoyinsa biyu suke ciwo tare da sanƙarewar baya da safe, a duba shi ko yana da wani nau'in amosanin gaɓoɓi. Yaro mai shekara 8 zuwa 14 da ke kukan dunduniya bayan ƙwallo, yawanci wurin tsiron ƙashinsa ne yake ciwo, kuma jinyarsa daban take. Ciwon da ke bayan dunduniya, inda takalmi yake gugar fata, na agara ne. Wanda ya ji shi yana cikin shan maganin siprofulokzasin, wanda ake yawan bayarwa saboda taifot, ya gaggauta sanar da likita, domin maganin yana raunana agara.

Mutane da yawa sukan dawo daga ɗaukar hoton ƙashi hankali a tashe, an nuna musu wani ɗan tsinin ƙashi da ya fito a ƙasan dunduniya, sun ɗauka shi ne yake sukar su. Ana samun irin wannan tsini a ƙafafun mutane masu yawa da ba su taɓa jin ciwo ba, kuma masu ciwon sukan warke sarai tsinin yana nan inda yake. Saboda haka ganin sa bai zama dalilin tiyata ba. Yawanci likita yana gane ciwon ne ta hanyar tambaya da taɓawa. In ya buƙaci ƙarin tabbaci sai ya sa a yi sikanin, inda kaurin jijiyar da ya wuce milimita 4 yake nuna ta taɓu.

Mataki na biyu: a rage nauyi, kada a kwanta

A tambayi kai abin da ya canza a watanni biyu ko uku kafin ciwon ya fara. Sau da yawa amsar tana kusa: an koma aikin da ake wuni a tsaye a kan siminti, an fara gudun safe ba shiri, an sauya takalmi, ko jiki ya ƙaru. Malaman makaranta, ma'aikatan jinya, 'yan sanda da sojoji, masu tsaron kanti, masu guga da matan da ke wuni a tsaye wajen girki suna cikin waɗanda abin ya fi kamawa. Bincike ya nuna abubuwa uku da suka fi jawo shi: ƙiba, tsayuwar mafi yawan lokacin aiki, da taurin sha-raɓa wanda ke hana idon sawu lanƙwasawa sama yadda ya kamata.

Kwanciya gaba ɗaya ba ta da amfani, domin jijiyar da ba ta aiki rauni take ƙarawa. Abin da ake so shi ne a gutsuttsura tsayuwa da tafiya. Mai tsaron kanti ya ajiye doguwar kujera ya riƙa zama duk bayan minti 20 ko 30. Mai girki ta yi yankan albasa da gyaran kayan miya a zaune, ta shimfiɗa tabarmar roba mai kauri a inda take tsayawa. Mai gudu ya dakata da gudu da tsalle na 'yan makonni, ya koma tuƙa keke ko iyo. A watan azumi, doguwar tsayuwar tarawihi da tahajjud ba takalmi takan tayar da ciwon, kuma sananne ne cewa ana iya yin nafila a zaune.

Ma'aunin da ya fi kowanne gaskiya shi ne takun farko na safiya. Kowace safiya a ba zafin maki daga 0 zuwa 10, a rubuta a takarda ko a waya. In makin yau ya ɗara na jiya da 2 ko fiye, aikin jiya ya yi yawa, sai a rage. In yana tsaye ko yana sauka mako bayan mako, ana kan hanya. Wannan rubutu yana da wani amfanin kuma: ciwon yana sauƙi ne a hankali ta yadda mai shi ba ya lura, sai ya duba takardar ya ga watan jiya yana kan 7, yanzu yana kan 4.

Mataki na uku: takalmi

A ganina, a nan ne yawancin masu ciwon suke zubar da wahalarsu. Mutum ya yi atisaye da safe, sannan ya wuni da silifas ɗin da dunduniyarsa ta cinye har ta kusa taɓa ƙasa, ya dawo gida ya riƙa yawo ba takalmi a kan tayil. A ɗauki takalmin a gwada shi da hannu. In aka lanƙwasa shi, ya kamata ya lanƙwashe ta wajen yatsu kaɗai. Wanda ya naɗe gida biyu daga tsakiya, ko ya murɗe kamar tsumma, ba zai tallafi tafin ƙafa ba. Ana son tafinsa ya zama mai kauri da ɗan taushi, bayansa ya ɗara gabansa tudu da kamar santimita 1 zuwa 2, kuma ya zama yana da abin da zai riƙe dunduniya ta baya, ko da maɗauri ne, don kada yatsu su riƙa damƙe takalmin a kowane taku. A ajiye irin wannan takalmi a bakin gado, a sa shi kafin a taka ƙasa, a kuma ware wani na cikin gida.

Ana sayar da ɗan matashin dunduniya na roba mai laushi da shimfiɗar cikin takalmi mai tudu a tsakiya a manyan shagunan magani. Suna rage zafi a watannin farko. Waɗanda ake aunawa a ƙera wa mutum nasa na musamman sun fi tsada nesa ba kusa ba, kuma gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna sun fi na kanti amfani ga yawancin mutane ba. A sa a ƙafa biyu, ko da ɗaya ce take ciwo, don kada tafiya ta karkace.

Mataki na huɗu: miƙar da jijiyar da sha-raɓa

Wannan shi ne aikin kullum. A shekarar 2003 Dakta Benedict DiGiovanni da abokan aikinsa a Jami'ar Rochester ta Amurka suka kwatanta hanyoyin miƙa iri biyu ga mutanen da ciwon ya kai musu aƙalla wata 10. Bayan mako 8, waɗanda suka miƙar da jijiyar tafin ƙafar kanta sun fi samun sauƙin takun farko a kan waɗanda suka miƙar da agara kaɗai.

Ga yadda ake yi. Tun ana bakin gado, kafin a taka, a ɗora ƙafar mai ciwo a kan gwiwar ɗayar. Da hannun da ke ɓangaren ƙafar mai ciwo a kama gindin yatsun duka, a ja su baya wajen ƙwauri har a ji tafin ƙafar ya ɗame. Da babban yatsan ɗaya hannun a shafa tsakiyar tafin. Za a ji jijiyar ta taso ta yi tauri a ƙarƙashin fata, wannan ne tabbacin ana yi daidai. A riƙe a ƙirga 10 a hankali, a saki, a maimaita sau 10. Ana yin haka sau 3 a rana, na farkon kafin takun safiya, sauran kuma ya fi kyau su zo kafin a miƙe daga dogon zama. Ja ake so a ji, in ya zama suka an wuce iyaka.

Sai sha-raɓa. A fuskanci bango a dafa shi da hannu biyu, a mayar da ƙafar mai ciwo baya taku ɗaya babba, yatsunta suna kallon bango sak, dunduniyarta a manne da ƙasa, gwiwarta a miƙe. A lanƙwasa gwiwar gaba a matsa ƙugu wajen bango har a ji ja a bayan ƙafar, a riƙe daƙiƙa 30, sau 3. Daga nan a ɗan matso da ƙafar bayan, a lanƙwasa gwiwarta kaɗan ba tare da ɗaga dunduniya ba, a sake riƙewa daƙiƙa 30, sau 3, domin wannan ne yake kama naman da ke can ciki. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin ƙafar baya ta karkata waje, sai jan ya ɓace.

Mataki na biyar: ƙara mata ƙarfi

Miƙa tana sauƙaƙa zafi, amma ɗaukar nauyi a tsare shi ne yake sa jijiya ta sake ginuwa. A wani gwaji da Michael Rathleff ya jagoranta a ƙasar Denmak, wanda aka buga a 2015, an raba mutum 48 gida biyu, duka aka ba su shimfiɗar takalmi, kashi ɗaya suna miƙa, ɗaya kashin suna atisayen ɗaga dunduniya da nauyi. A wata na 3 masu ɗaga nauyin sun yi gaba sosai. A wata na 6 da na 12 kuwa duka sun yi daidai, wato atisayen yana gaggauta sauƙi ne.

A sami matakala ko bulo mai ƙwari kusa da bango. A naɗe ƙaramin tawul a ɗora a kai, a tsaya yadda yatsu za su hau kan tawul ɗin su tanƙware sama, tudun gaban ƙafa yana kan matakalar, dunduniya tana lilo a waje. Tawul ɗin ne yake sa jijiyar ta ɗame yayin da ake aikin, don haka kada a bar shi. A ɗaga dunduniya sama a hankali cikin daƙiƙa 3, a tsaya a can daƙiƙa 2, a sauko cikin daƙiƙa 3 har ta ɗan wuce bakin matakalar. Ana yin wannan sau 12, a huta, a maimaita har zagaye 3, kuma ana yi ne yau a tsallake gobe, saboda a ranar hutun ne jijiyar take gyaruwa. Asalin tsarin da ƙafa ɗaya ake yi, amma wanda ba zai iya ba ya fara da biyu. Bayan mako 2 a goya jakar makaranta da littattafai a ciki, a koma sau 10 zagaye 4. Bayan mako 4 a ƙara littattafan, a koma sau 8 zagaye 5, a ci gaba a haka har wata 3. Ɗan ciwo a lokacin atisayen ba laifi ba ne muddin makin washegari bai hau ba. In ciwon yana kan ganiyarsa, har taku yana gagara, a jinkirta wannan mataki mako ɗaya ko biyu a tsaya ga miƙa da takalmi.

Mataki na shida: rage zafi kafin sauƙi ya zo

A cika gorar ruwa a sa a firiza ta daskare, da yamma a naɗe ta da ƙyalle marar kauri, a zauna a riƙa mirgina ta da tafin ƙafa minti 10 zuwa 15. Inda wuta ba ta tsayawa, ƙanƙarar da ake sayarwa a leda ta wadatar. Farasitamol ko man shafawa na dikulofenak sun fi aminci. Ƙwayoyin ibufurofen da dikulofenak suna taimakawa na ɗan lokaci, bayan an ci abinci, kuma kada a wuce kwana 7 zuwa 10 ba da sanin likita ba. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mai juna biyu su nisance su sai likita ya yarda. Haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla wa mutane a leda a wasu kemis da sunan maganin ciwon jiki abin gudu ne, domin yakan haɗa masu kashe zafi biyu ko uku a lokaci guda, wani lokaci har da dekzametazon, wani maganin kumburi mai ƙarfi daga rukunin da ake kira sitiroyid, kuma ciki da ƙoda ne suke biyan kuɗin.

Masu gashin ƙashi suna da wata hanyar ɗaure tafin ƙafa da filasta mai ƙarfi wadda take tallafar lanƙwasar ƙafa. Amfaninta na 'yan kwanaki ne, amma tana ceto ranar da tsayuwa ta zama dole, kuma in an koya sau ɗaya ana iya yi a gida. Wanda zafin safiyarsa ya ƙi sauka, akwai takalmin dare da ke riƙe ƙafa a kusurwa don kada jijiyar ta takure cikin barci, ana sa shi wata 1 zuwa 3.

Sakiya da tsaga da ƙaho a dunduniya ba sa kaiwa ga jijiyar da ke ciwo, sai dai su bar rauni a wurin da mutum yake takawa kullum. Ga mai ciwon suga, irin wannan rauni, ko tsoma ƙafa a ruwan da ya yi zafi alhali jin ƙafar ya ragu, yana iya zama gyambon da zai kai ga yanke ƙafa.

Mataki na bakwai: in sauƙi bai samu ba

In an yi mako 6 zuwa 8 ana bin waɗannan matakai da gaske, makin safiya bai motsa ba, a ga likitan ƙashi ko sashen gashin ƙashi. Manyan asibitocin koyarwa suna da wannan sashe, haka ma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. A tafi da takardar makin da takalmin da aka fi sawa, domin yadda ya cinye yana nuna yadda mutum yake taku.

Allurar sitiroyid a dunduniya ita ce abin da mutane suka fi roƙo. Tana rage zafi, amma nazarin gwaje-gwaje ya nuna amfaninta bai cika wuce wata guda ba, kuma maimaita ta yana iya tsinka jijiyar ko ya narkar da kitsen da ke kare ƙashin dunduniya, wanda ba ya dawowa. In za a yi, likita ne zai yi, sau ɗaya, don a sami sararin ci gaba da atisaye. Idan ciwon ya wuce wata 6, akwai na'urar da ke bugun wurin da igiyar sauti mai ƙarfi, ana yi zama uku zuwa biyar, kuma tana taimakon mutane da dama ba tare da yanka ba. Tiyata ita ce ta ƙarshe, bayan an shafe kamar shekara guda komai ya gagara. Ana sassauta wani sashe na jijiyar ko a tsawaita naman sha-raɓa, kuma kaɗan ne daga cikin masu ciwon suke kaiwa nan.

Mataki na takwas: komawa harka

Idan makin safiya ya sauko 2 ko ƙasa da haka ya zauna mako biyu, kuma mutum yana iya tafiyar minti 30 ba tare da ciwon ya tashi washegari ba, sai a fara dawo da abin da aka bari. Mai gudu ya fara da gudun minti 1, tafiyar minti 2, a kan ƙasa ko ciyawa maimakon kwalta, yau a yi gobe a huta, yana ƙarawa kaɗan kowane mako. A ci gaba da atisayen tawul sau biyu a mako ko bayan an warke. Mai ƙiba ya ɗauki rage jiki a matsayin wani ɓangare na maganin, tunda kowane kilo da ya sauka, dunduniya ce take hutawa da shi dubban sau a rana.

Maniyyaci aikin Hajji ko Umara yana da buƙatar shiri na musamman. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya haura kilomita 3, a kan daɓe mai tauri, ga ɗawafi, ga tafiyar jifa a kwanakin Mina. Mai wannan ciwo ya fara miƙa da atisaye aƙalla wata 3 kafin tashi, ya riƙa ƙara tsawon tafiyarsa mako-mako, ya sayi takalmin da zai yi ihrami da shi tun a gida, mai kaurin tafi da maɗauri, ya saba da shi kafin ya hau jirgi. Ya koyi ɗaurin filasta ya tafi da nasa, ya tambayi malamin bita abin da ya halatta ya sa a ƙafa a cikin Harami, kuma in ciwon ya tashi a can, akwai keken guragu da motocin lantarki da aka tanada domin ɗawafi da sa'ayi.